Allinsa, Wuƙarmu

Da sunan Allah, wanda ya san ranar kowa bai faɗa wa kowa ba. Assalamu alaikum.

Mai girma wakilin shugaban gunduma, ranka ya daɗe, sannu da hawa. An ce motarka ta tsaya a gada, ka ƙaraso da ƙafa. Na ga takalmin tun daga ƙofa. Ka biyo ta rumfata kafin ka sauka, na hagun ba zai kai ka gida ba. Yallaɓai jami'in gandun daji, barka da zuwa. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban kwamitin kurmi da sauran 'yan kwamiti, waɗanda ni ne na tara a cikinsu, kuma mu tara ne. Shugabar makaranta, mun gode da zaure da bencina. Inna, mahaifiyar marigayi. Yaya, matar marigayi, Maman Tagwaye, ke da tagwayenki. Maƙeri, da sauran gidajen da suka binne nasu a mako ɗaya da shi. 'Yan uwa maza da mata, har da masu leƙowa ta taga saboda babu wuri: sannunku, sannunmu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ne mai gyaran takalma na bakin kasuwa. Baduku ake ce mini. 'Ya'ya shida gare ni, mata ɗaya, haƙora sun ragu. Karatuna a nan ya tsaya, bayan wannan bangon, a aji uku. Ba korata aka yi ba, mun dai fahimci juna ne ni da malamin. Saboda haka in kun ji na yi tuntuɓe a takardar nan, ku yi haƙuri. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, babbar 'yata ta yi kwana biyu tana neman inda kalma take ƙarewa wata ta fara. Ga ta can da waya a hannu. Ta ce abin da na faɗa shi za ta rubuta a raba wa mutane, ba abin da na rubuta ba, domin ta san ubanta.

Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Ba don iya magana ba ne, akwai malamai a nan. An zaɓe ni ne don nakan sa mutane dariya ko a gidan makoki, kuma wata guda ke nan ba a yi dariya a garin nan ba. Akwai kuma dalili na biyu, yana kan teburin can cikin shuɗin fayil, a gaban Yallaɓai. Rahoton abin da ya faru ne. Da an shafa addu'a mu tara za mu sa hannu a kai, masu biro da biro, ni da babban yatsa. Aikina in sassauta zukata kafin lokacin. Ku riƙe wannan fayil a ranku, zan dawo kansa.

Mun taru ne don Mai Alli, mai gadin kurminmu shekara ashirin da biyu, wanda ƙasa ta rufe ranar da gangaren ya zame a kan unguwar ƙasa, shi da mutum huɗu da gidaje tara. Masu gidajen suna kwana a aji huɗu da aji biyar. Kayan da kuka gani a kan igiya a tsakar makaranta nasu ne, kuma iyakar abin da suka fita da shi ke nan.

Baƙi za su tambaya, me ya sa Mai Alli? Kurmin da ke saman garinmu ba na mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne. Doka ɗaya kakanninmu suka bar mana a kansa: ɗanyar bishiya ba a sara. Busasshiya kuwa ta halatta, amma sai mai gadi ya je ya duba, ya tabbatar ta mutu, ya sa mata farar alama biyu, ɗaya daidai ƙirji, ɗaya a gindi, don ko bayan an sare, kututture ya ba da shaida. Da can da alli ake yi. Yanzu fenti ne, ofis ke bayarwa, amma sunan ya zauna. Ni kam na gudu daga hannun mai alli ɗaya a aji uku, na girma na faɗa hannun wani.

Ya kasance mutum ne mai tafiya. Ni ne shaida, domin ni nake ganin ƙasan takalminsa. Mutum yana iya ɓoye wa matarsa inda ya je, amma ba ya ɓoye wa baduku. Da tsohuwar tayar mota nake yi masa ƙasan takalmi. Tayar da ta yi shekara biyar tana kai mota birni tana dawowa, shi wata huɗu yake cinye ta. Dunduniyar dama ta fi saurin ci, saboda gangaren da yake bi kullum a karkace yake, har ya zama ko a kan siminti ya tsaya sai ka ga kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya.

Ya kasance ba ya dariya da wuri. Shekara ashirin ina gwada shi. Sau biyu na ci nasara, ɗayan ma ina zaton tari ne.

Ya kasance ba ya duban fuska. Inna, ki gafarce ni, amma kowa ya san ranar da ya same ki kina saran ɗanyen reshe don sandar dogarawa, ya durƙusa ya gaishe ki, ya tambayi ƙafarki, sannan ya karɓe addar. Kin biyo shi har kasuwa kina cewa wata tara kika ɗauke shi. Ya ce, "Na sani, Inna. Ita kuma shekara tamanin ta yi tana ɗauke da reshen nan." Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ya yi kwana uku yana neman busasshen reshe miƙaƙƙe, ya kawo mini na sa masa roba a ƙasa. Ita ce sandar da ke hannunki yanzu.

Ya kasance in wuta ta tashi a ciyawar bayan dutse, kafin mu gama neman takalma shi ya riga ya isa da ɗanyen ganye a hannu. Ya kasance yana rainon 'ya'yan itatuwa a gwangwanayen madara a bayan gidansa, layi-layi, har Yaya ta rasa wajen shanya. Ya kasance in rani ya tsananta, yana hawa da jarka biyu ya shayar da dashen da ya yi, alhali a gidansa ana auna ruwan wanka da moɗa.

Kuma shi ne ya fara cewa wani abu ya canza.

Mu mutanen tudu ne, mun saba ganin kanmu sama da kowa. Da can farin gajimare yakan sauko ya zauna a kan kurmi har hantsi, ganye yana ɗiga ko ba a yi ruwa ba. Sauro ba ya hawowa nan. Mu muke yi wa mutanen kwari dariya suna kwana cikin raga kamar kifi. Yau kowannenmu kifi ne. Idon ruwan da ke ƙasan kurmi, da can kafin mace ta gama gaisawa bokitinta ya cika. Yanzu sai ta gama gulmar gari kaf, ta koma ta farko, bai kai rabi ba. Ruwan sama kuwa da yake zuwa a hankali wata biyar, ya koma sai ya ɓace har shuka ta sunkuya, sannan ya zubo na wata guda a yini ɗaya.

Masu ilimi sun zo, a zauren nan, sun manna hotuna a bango, sun ce sunansa sauyin yanayi. An ba mu hula. Gaskiya suka faɗa, kuma ina so Yallaɓai ya ji ni da kyau: ba mu muka ɗumama duniya ba. Garin nan kaf injin niƙa ɗaya ne da babura shida, biyu ma sai an tura. Abin da wasu suka hura a inda ba mu taɓa zuwa ba, shi ya hawo dutse ya same mu. Wannan yana cikin rahoton, shafi na ɗaya da na biyu, kuma ba ni da ja a kai.

Shekara bakwai da suka wuce masara ta bushe tana daidai gwiwa. Shekara ta gaba dankali ya ruɓe a ƙasa. Na ga magidanta, ni ma ina ciki, suna daɗewa a waje da gangan don kada su shiga gida a lokacin da ya kamata a ce ana ci. Abu ɗaya ne ya rage da ake saye: itace. Motocin gawayi suka fara tsayawa a gada. Cikin wata biyu busasshen da ke kurmi ya ƙare tas, ko tsinke babu.

A nan ne wani ya lura cewa doka ta ce kada a sare ɗanya, amma ba ta ce kada a kashe ta ba.

Ba zan ce ni na ƙirƙiro ba, basirata ba ta kai nan ba. Ga yadda ake yi. Ka ce akuyarka ta ɓata, ka hau da rana tsaka. Ka tone gindin bishiya kamar taƙi ɗaya, ka yanke ɓawon ka zagaye shi ya haɗu, ka mayar da ƙasa, ka watsa ganye a kai. Ka dawo gida ka ce akuyar ta dawo da kanta. Bishiyar tana nan tsaye, babu mai ganin komai. Kafin baɗi ganyenta ya zube. Sai ka je da fuskar tausayi ka ce, "Mai Alli, akwai wata can ta mutu, fari ya kashe ta." A shekarun nan akuyoyin garinmu sun ɓata fiye da yawansu.

Ban ƙirƙiro ba, amma ni na raɗa masa suna. Na ce sa zobe. In muka haɗu a hanya sai mu ce, "Yaya amarya?" A ce, "An sa mata zobe, baɗi za ta tare." Mu yi dariya. Abin da mutum zai ji kunyar faɗa, ni na nema masa sunan da za a faɗa ana dariya. Wannan ita ce gudummawata ga garin nan.

Wata ranar kasuwa da hantsi Mai Alli ya zo rumfata, ya zauna a benci, ya cire takalmin dama ya miƙo mini. Na ɗauko wuƙata, wannan mai lanƙwasa da nake yanka taya da ita, na fara datse gefen. Yana ta kallon hannuna. Can ya ce, "Baduku, yankanka yana da kyau."

Na ce, "Yaya," don shi ma haka nake kiransa, "yau kuma yabo? Ko ba ka da lafiya?"

Ya ce, "Daga hagu kake farawa, ka ƙare da 'yar ƙugiya. Shekara goma sha biyar ina taka ƙugiyar nan a ƙasan ƙafata. Jiya na tone gindin wata bishiya a saman idon ruwa, na gan ta."

Jama'a, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, na nemi wasa ɗaya a kaina na rasa. Na ce, "Yaya, yara biyar, na shida na hanya."

Ya ce, "Na sani. Ina ganinsu."

Na ce, "Za ka kai ni gaban kwamiti?"

Ya ce, "In na kai ka, sai in kai rabin kwamiti gaban sauran rabin."

Na ce, "To fentin fa?"

Ya dubi takalmin da ke hannuna. Sannan ya ce, "Ta mutu, Baduku. Doka ta ce in sa wa matacciya alama. In na ƙi, za ku sare ta ba alama, kuma ranar da aka sare ɗaya ba alama, doka ta ƙare a dutsen nan. Zan sa. Bana kaɗai. Gama mini takalmin."

Banan nan tasa ta zama shekara biyu, domin shekara ta biyu ta fi ta farko yunwa. In Mai Alli yana da laifi, wannan ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: ya ga yaranmu, hannunsa ya yi sanyi. A shekara ta uku ya rufe gwangwanin fenti ya ce ko ɗigo ba zai ƙara sawa a gangaren nan ba. Sai muka juya masa baya. Aka rage gaishe shi. Aka daina kiran Yaya wajen mata. Aka fara ce masa mijin bishiya, kuma ba sai na faɗa muku bakin da sunan ya fito ba.

Abin da ba mu sani ba, ko muka sani muka kau da kai, shi ne bishiya sau biyu take mutuwa. Samanta a shekara ɗaya, saiwarta a shekara biyar. Mun ci na saman, mun manta na ƙasan ne yake riƙe da gangaren da muke kwana a ƙarƙashinsa. Duk shekarun nan saiwoyin suna ruɓewa a hankali, mu kuwa muna cewa an wuce wurin.

Bara, a zauren nan, Mai Alli ya tsaya daidai inda nake tsaye. Ya ce ƙasa ta tsage a saman unguwar ƙasa, hannunsa yana shiga har gwiwar hannu. Ya ce ya fara haƙa rami a gicciye, wanda zai tare ruwan da ke gangarowa ya kai shi rafi, kada ya jiƙa gangaren. Shi kaɗai ya haƙa rabi. Ya ce, "Ku ba ni mutum ashirin, kwana uku, mu gama. In ba haka ba, dutsen nan zai sauko."

Na ga mutane sun fara duban juna. Na rantse muku, na ga hannun Maƙeri ya fara tashi. Sai ni, daga bencin baya, na ce, "Yaya, in zai sauko, ka ce masa ya taho mana da itace, ya hutar da mu hawa."

Aka fashe da dariya. Har da buga benci. Shugaba ya goge hawaye ya ce a wuce batu na gaba. Batu na gaba rabon taki ne.

Ya sauko, jama'a. Ya kuma taho da itacen. Kun ga kututturen da ke kwance a inda ɗakin Maƙeri yake.

Bana, bayan mako biyar ba ɗigo, aka yi kwana uku ana zubawa. Rana ta uku bayan azahar Mai Alli ya bi unguwar ƙasa ƙofa-ƙofa, jikinsa sharkaf, yana cewa idon ruwa ya yi ja, kowa ya fita. Ya buga tawa. Na leƙo na ce, "Yaya, cikin ruwan nan? Ka shigo mana, in ya sauko ya same mu a bushe." Ya kama wuyan rigata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Fitar da yaran, Baduku. Yau ɗaya ka bar wasa." Na fitar da su. Shi kuma ya saɓa shebur ya hau, don ramin ya toshe a ƙarshensa, inda haƙan ya tsaya.

Ban sani ba ko ramin ne ya tsare, Allah ne masani, ni aji uku gare ni. Abin da idona ya gani: gidaje goma sha biyu da ke ƙarƙashin inda ramin ya kai suna tsaye, har da nawa. Gidaje tara da ke ƙarƙashin inda bai kai ba, babu su.

Kwana biyu muna tono. Da aka kai gare shi ƙafa aka fara gani, kuma laka ta sa ba a gane kowa. Aka ce a kira Baduku. Na durƙusa na goge ƙasan takalmin da hannun rigata. Tayar mota, dunduniyar dama ta ci, yanka daga hagu, da 'yar ƙugiya a ƙarshe. Na ce shi ne.

Yanzu na dawo kan fayil.

Masu bincike sun hau sun duba kututturen. Sun ga farar alama a gindinsu, fiye da ɗari uku. Zoben kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, ya ruɓe tuni. Fenti ya fi ɓawo daɗewa. Saboda haka shafi na huɗu ya ce mai gadi ya sa alama a ɗanyun itatuwa don amfanin kansa. Ban iya karanta shi ba, rubutun ƙanana ne. Babbar 'yata ta karanta mini. Ta ce, "Baba, ka san abin da sakaci da cin amana suke nufi?" Na ce na farkon tun aji uku ake faɗa mini shi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A kan wannan za ka dangwala?"

Shugaba, ba tona maka asiri nake yi ba, abin da ka faɗa mini a rumfa shi ne a ran mu tara. Ka ce, "Baduku, wanda ya tafi ba ya jin zafi. In takarda ta ce mutum ɗaya ne, kurmi ya zauna a hannunmu. In ta ce mu ne, hukuma ta karɓe, ta ja waya, ta sa masu bindiga. Yaranka shida, da me za a dafa musu? Kai dai ka yabe shi sama-sama, ka ba mutane dariya, a yi addu'a, a sa hannu." Na ce to. Kuma ba ƙarya ka yi ba, haka dokar take. Na kwana uku da wannan to ɗin, yana zaune lafiya a cikina.

Sai ranar Laraba Yaya ta zo da takalman tagwaye. Na san babu abin da ya same su, ni na ɗinka su watan jiya. Ta zauna a bencin da yake zama. Ta ce an gaya mata in rahoton ya shiga, za ta bar gidan mai gadi kafin wata ya ƙare, amma ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce, "Baduku, kai ka san shi. Akwai shekara biyu da ba ya kallon idona in ya dawo daga kurmi. Tagwaye suna tambayata. Don Allah, ya sayar?"

Na ce, "Yaya, wa zai sayi abu a hannun mutumin da ba ya dariya?" Ta dube ni, ta kwashe takalman, ta tafi.

Yaya, ba amsa na ba ki ba ranar nan. Ga amsar yau, a gaban Liman, a gaban hukuma, a gaban 'ya'yana shida da ke zaune a can.

Bai sayar ba. Ko tsinke bai sayar ba. Shekara biyun da ba ya kallon idonki, kunyarmu yake ɗauke da ita ya shigo miki gida. Duk bishiyar da ya sa wa alama matacciya ce, kuma ba fari ne ya kashe ta ba. Alli nasa ne, wuƙar tamu ce. Ga tawa, na ajiye ta a kan fayil ɗin, Yallaɓai ya duba ƙugiyar. Nawa goma sha ɗaya ne. Uku a saman idon ruwa, takwas a saman unguwar ƙasa. Maƙeri, ɗaya daga cikin takwas ɗin tana daidai bayan gidanka. Matarka takan ba yarana ruwa in sun wuce.

Tagwaye, ku ɗaga kai. Ubanku ya rufa wa gari asiri shekara da shekaru, gari kuma ya so ya rufe nasa asirin da sunansa. Duk wanda ya sake ce muku ubanku ɓarawo ne, ku turo mini shi, ina bakin kasuwa. Inna, ɗanki da ya karɓe miki adda bai canza ba har ƙasa ta rufe shi. Yaya, ban ce ki yafe mini yau ba. Ban ma ce ki yafe ba.

Takardata ta ƙare a nan. Zan yi shiru kaɗan, abin da garin nan bai taɓa gani ba. Wanda akuyarsa ta taɓa ɓata, in yana da lamba, ya faɗa.

Na ji ka, Maƙeri. Bakwai. Zauna, ɗan uwa, zauna, a riƙe shi. Allah ya ba ka haƙuri.

Na ji, mai injin niƙa. Huɗu. Can baya kuma, ta taga, biyar.

Shi ke nan? To. Kututture sun fi ɗari uku, mu huɗu ba mu kai talatin ba. Sauran, ga alama, akuyoyin ne suka yi. Ba zan kira sunan kowa ba, shi ma bai kira ba.

Yallaɓai, yatsana ba zai hau shafi na huɗu ba. Ina roƙonka ka rubuta shi yadda ya faru: yanayi ya canza, yunwa ta zo, mutane suka yi dabara, mai gadi ya ji tausayi, sannan ya yi gargaɗi, aka yi masa dariya. In bayan haka hukuma ta karɓe kurmin, ikonta ne, kuma na san akwai waɗanda ba za su sake kawo mini takalmi ba daga yau. Ina ganin fuskokinsu daga nan. Amma ranka ya daɗe, waya ba ta riƙe gangare. Damina ba ta ƙare ba, tsagewar ta matso ta saman gidaje goma sha biyun da suka rage, kuma ramin yana nan inda ya bar shi. Mutum ashirin ya nema, kwana uku. Gobe da hantsi zan hau da shebur. Yanzu mu huɗu ne. Saura goma sha shida. Wanda takalminsa ya yage ya kawo yau, kada ya zama dalili.

Mun gode wa manyan baƙi da suka taka laka suka zo. Mun gode wa waɗanda suka yi tono da hannu har farcensu ya fita, da matan da suke dafa wa aji huɗu da aji biyar, da Shugabar makaranta da take koyar da yara a baranda. Na gode wa kwamiti da ya zaɓe ni. Na san ba zai sake ba.

Ya Allah, ka jiƙan Mai Alli, ka haskaka makwancinsa, ka sa tafiyar da ya yi a dutsen nan ta zama masa shaida, taku bayan taku. Ka jiƙan matar Maƙeri da sauran ukun da suka tafi tare da shi. Ka ba Inna ƙarfi, ka tsaya wa Yaya, ka raya tagwaye su girma da sunan ubansu a wanke. Ka yafe mana abin da muka yi da yunwa, ka yafe mana abin da muka yi da dariya. Ka saukar mana da ruwa gwargwadon abin da ƙasarmu za ta iya sha. Kuma ya Ubangiji, ka riƙe mana dutsen nan har mu gama ramin.

Amin.